Akwatin Abilio

Tun daren Laraba na haɗa wa Abilio akwati:
rigunan barci uku, silifas, reza, 'yar rediyonsa,
da lemo shida, yadda uwata ta yi
shekarar da aka tsaga cikin mahaifina a Porto.
Kwana goma sha biyu ya yi a gado mai lamba tara,
muna bin jirgin ƙasa da romo a kwano.
Ya dawo da tabo kamar igiyar ɗaure kwalekwale,
daga haƙarƙari har gefen cibiya,
bai sake jan taru ba sai da sanyi ya wuce.

Yau ƙarfe bakwai muka isa.
Yarinyar da ke rubuta suna ta dubi akwatin, ta murmusa.
"Mayar da shi mota, uwa. Da la'asar zai tafi."
Na ce, la'asar ɗin yaushe?
Ta ce, ta yau.

Ciwon ɗaya ne, matsarmama mai duwatsu,
irin wadda ta kwantar da mahaifina.
Likita Leonor ta zana mini a bayan takarda:
ƙofofi huɗu, kowace ba ta kai farcen babban yatsa ba,
ta ɗaya a zura ido mai fitila,
ta sauran a zura hannuwan ƙarfe.
Na gyaɗa kai kamar na gane.

Na zauna. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa.
Ban gama saƙa dunduniyar safa ba aka kira sunana.
Ga shi nan zaune, mutumin da na yi wa kuka a banɗaki,
yana shan shayi, yana tambaya ko an sauke kifi a Matosinhos.

Da ƙarfe biyar aka miƙo mini shi
tare da takarda mai layi tara da lambar waya.
In ya yi zazzaɓi, kira. In ido ya yi rawaya, kira.
Kada ya ɗaga abin da ya fi tulun ruwa.
Sai a mota na fahimci cinikin:
ba a rushe ɗakin jinya ba,
ɗauko shi aka yi aka kawo gidana,
aka naɗa ni nas ba tare da farar riga ba.

Ban yi ƙorafi ba. Gadonsa ya san bayansa.
Barcin gida ya fi allura,
kuma nan babu mai tari a gadon kusa.
Jikarmu Benedita, mai karatun jinya, ta bugo waya,
ta ce, kaka, ai wannan somin taɓi ne,
har gwiwa ana canzawa a sallami mutum kafin dare,
gobe ɗan agogo a wuyan hannu
zai riƙa kai wa likita labarin bugun zuciya,
mara lafiya yana kicin ɗinsa.

Na ce madalla.
Amma hankalina yana hawa na uku,
wurin tsoho Tome, da matarsa ta rasu bara,
ɗansa yana Faransa.
Wata mai zuwa za a gyara masa ƙaba.
Wa za a miƙa wa takardarsa mai layi tara?
Agogo zai ƙirga bugu, na yarda,
ba zai riƙe masa gwiwar hannu a matakala ba.

Ƙarfe biyun dare na taɓa goshin Abilio. Sanyi ƙalau.
Na ɗaga rigarsa a hankali,
filasta huɗu, kamar kan sarki a kan wasiƙa.
Akwatin yana bakin ƙofa, ko zif ban ja ba.
Na buɗe, na ciro lemo ɗaya, na ɓare a tsaye.
Sauran biyar, da safe, zan hau da su wurin Tome,
in tambaye shi wace rana ce, kuma ƙarfe nawa.